Kasuwar Gona Bayan Faɗuwar Hatsi: A Saya Ko A Dakata?

Filin tambaya da amsa, tare da Baba Malamin Gona

Wasiƙun wannan watan kusan dukkansu a kan gona suke, masu son saya da masu son sayarwa. Na tsamo shida, na rage wa wasu tsawo, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Wanda ya yi tambaya kan tsutsar masara ya yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na yi ritaya daga koyarwa, an kuma biya ni haƙƙina bayan dogon jira. Wani dillali ya kai ni wata gona eka 3 a ƙasar Bichi, jigawa ce, daga kwalta sai an yi kusan rabin awa a babur. Ana neman naira miliyan 9. Na yi tambaya a garin, an ce hayar eka ɗaya a damina dubu 100 ce. Dillalin ya ce in ban saya yanzu ba, baɗi sai na ninka kuɗin. Ni kuma ina tsoron kuɗin su narke a banki. Mece ce shawararka? (Tsohon malamin makaranta, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya albarka a abin da aka samu. Tun da allo sana'arka ce, mu fara da lissafi. Eka 3 a dubu 100 kowacce, dubu 300 ke nan a shekara. Raba miliyan 9 da dubu 300: sai gonar ta shekara 30 tana karɓar haya kafin ta maido maka da uwar kuɗinka. Ashe ba amfanin gonar ake sayar maka ba, tsammanin tashin farashi ake sayar maka. To mu duba inda wannan tsammani ya samo asali.

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, wata mai bi aka saki naira. Dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar. Duk mai ɗan kuɗi a hannu ya shiga neman inda zai ɓoye su, kuma Bahaushe bai san ma'ajiyar da ta fi ƙasa ba. A daidai lokacin hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, sai kowa ya zama manomi: ma'aikacin gwamnati, ɗan Kantin Kwari, har mai sayar da waya. Waɗannan abubuwa biyu ne suka ɗaga gona. Dillalinka a wannan tsakanin ya haddace karatunsa, shi ya sa har yanzu yake biya maka “baɗi sai ninki”.

Amma zamanin ya juya. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara, shinkafa, alkama da wake. Kaya suka shigo, gonaki suka bayar, zuwa kakar 2025 hatsi ya zube a Dawanau da sauran kasuwanni, taki kuwa ya ƙi saukowa. An kai inda manomi zai sayar da buhun masara kuɗin su kasa sayen buhun taki. Naira ma ta ɗan natsu. Manoman birni, waɗanda ke noma ta waya daga ofis, da yawansu sun ɗanɗana sun ja da baya.

Kada ka ɗauka ina nufin gona za ta faɗi warwas. Mai gona ya gwammace ya zauna a kanta da ya rage ko sisi, sai fa in bashi ko asibiti ko aure ya tilasta shi. Abin da nake gani a bana shi ne farashin baki yana nan inda yake, cinikin ne ya yi sanyi. Gonar da a 2024 ake sayarwa kafin labarinta ya zaga gari, yanzu tana iya wata da watanni a hannun dillalai. A irin wannan kasuwa mai tsabar kuɗi a hannu shi ke da wuƙa da nama, ba mai sayarwa ba. Kai ne kake da damar jan rai.

Sannan kasuwar gona ba ɗaya ba ce, ko da yake dillalai sun fi son a haɗa ta a kwano guda. Gonar da ke shan ruwan Tiga a Kura, Bunkure da Garun Malam, tun madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, tana ba da shinkafa da damina, da rani kuma alkama ko tumatir ko albasa. Wannan ba ta jin faɗuwar masara sosai, kuma da wuya ka ji ana tallarta. Kafin labari ya iso birni maƙwabcin gonar ya riga ya biya. Akwai kuma wadda gari ya cimma, irin na kewayen Kumbotso, Ungogo da Dawakin Kudu. Sunanta gona, amma da fuloti ake lissafinta, kuma kuɗin siminti da yawan jama'a ne ke tuƙa ta, ba kuɗin dawa ba. Taka ba ta cikin waɗannan. Gonar tudu ce mai jiran ruwan sama, nesa da kwalta, kuma irinta ce ta fi bin farashin hatsi sau da ƙafa.

Da ni ne, ba zan saya bana ba. Zan nemi mai gonar ya ba ni hayarta damina ɗaya, in noma da kaina. Dubu 300 ba asara ba ce in ta hana ka binne miliyan 9. A cikin watan Agusta ka hau babur ka je, ka ga ko hanyar tana biyuwa bayan ruwa, domin hanyar da dillali ya bi da kai da rani ba ita ce ta damina ba. In dawa ta fara fitar da kai, sunkuya ka duba gindinta. In ka ga ƙuduji, wato wuta-wuta, ya fito da furensa mai ruwan hoda layi-layi, dawar kuma ta tsumbure ganyenta ya ƙone, ƙasar ta gaji, sai ta sha takin gida shekaru kafin ta farfaɗo. Leƙa rijiyar garin ma, ka ga gaba nawa guga ke yi kafin ya taɓa ruwa. In bayan kaka har yanzu tana ranka, taya ƙasa da abin da aka faɗa maka sosai, kada ka ji kunya. Kuma ko ta yi maka, kada ka zuba dukan haƙƙinka a ciki. Mai ritaya yana bukatar kuɗin da zai iya taɓawa cikin dare, gona kuwa ba a sayar da ita cikin dare sai da hasara.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Na ci bashin taki da maganin feshi na noma masara, farashi ya karye, abin da na samu bai biya ba. Mai bashi ya matsa. Ina da gona hekta 4 da na gada, rabona ne ni kaɗai. Wani Alhaji daga Zariya ya taya ta duka, wani kuma ya ce in ba shi jingina. Wanne zan yi? (Manomi, ƙasar Soba)

Amsa: Ɗana, Allah ya yaye. Ba kai kaɗai ba ne, kuma nan matsalar take: irinka suna da yawa a bana a duk yankin masara, daga Soba zuwa Saminaka da Funtuwa, masu saya kuma sun san haka. Wanda ya taya gonarka duka ya lissafa matsuwarka a cikin tayin.

Bashinka na damina ɗaya ne, kada ka biya shi da abin da zai ciyar da jikokinka. Fara da haya. Ware hekta 2 ka bayar na shekara biyu ko uku, a biya ka gaba ɗaya, a rubuta ranar da za ta dawo hannunka da shaidu. Masu neman haya sun fi fitowa gab da faɗuwar ruwa, don haka roƙi mai bashin ya ɗaga maka ƙafa zuwa lokacin, ka je masa da dattijon da yake jin nauyi. In hayar ba ta rufe ramin ba, yanki gefe ka sayar, amma ba gefen hanya ba, ba kuma gefen rafi ba. Su ne darajar sauran.

Jingina kuwa, yadda ake yin ta a ƙauyukanmu, mai kuɗi ya riƙe gona yana nomawa har sai an biya shi, malamai sun daɗe suna jan kunne a kanta, domin bashi ne da ke jawo wa mai shi amfani. Ka tambayi limaminku. Ni abin da na gani da idona a zamanin da nake zagaya ƙauyuka shi ne ƙarshenta: shekaru su ja, shaidu su rasu, 'ya'yan mai kuɗi su tashi suna rantsuwa ubansu saya ya yi. Gonakin da suka salwanta ta wannan hanya ba su ƙirguwa.

Wani abu kuma. Manoma da yawa za su rage masara su koma dawa, gero, waken suya da riɗi, waɗanda ba su cin taki kamarta. In masara ta yi ƙaranci a kasuwa ka san abin da ke biyo baya. Ban ce maka yaushe ba, amma ina so ranar ta same ka da gona.

Tambaya: Salam Baba. Ni da maigidana muna aiki a Abuja, muna son mu sayi fili a hanyar Kano zuwa Zariya ko wajen Tiga, mu yi gidan gona na hutu: mangwaro, kaji, tafkin kifi, ɗan gidan kwana inda yara za su sha iska lokacin hutu. Muna kuma fatan nan da wasu shekaru mu sayar da riba. Ya kake ganin kasuwarsa? (Wata Hajiya, Abuja)

Amsa: Hajiya, buri biyu kika haɗa a wasiƙa ɗaya, kuma ba su cika zama inuwa guda ba. In hutu kuke so, bismillah, abu ne mai kyau yaran birni su san yadda ake tsinkar gwaiba. In riba kuke so, ku sayi filin ku bar shi ba gini.

Dalili shi ne gidan gona baki gare shi, kullum ci yake. Katanga, rijiyar burtsatse, sola, albashin mai gadi, abincin kaji da na kifi, ko kun zo ko ba ku zo ba. Ranar sayarwa kuma mai saya ƙasa yake tayawa. Zai zagaya ɗan gidan da kika ƙawata da tayil, ya ce shi ai rushewa zai yi. Masu iya sayen gidan gona dungurungum kaɗan ne, kuma kowannensu yana son ya gina nasa yadda ransa ke so. Abin da na ga yana ƙara wa irin wannan wuri kuɗi na gaske biyu ne: ruwa mai ɗorewa da itatuwan da suka fara 'ya'ya. Mangwaron aure yana fara bayarwa cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma shi mai saya yana ƙirga shi.

Sha'awar hutu a wannan yanki ba sabuwa ba ce. Tun zamanin Audu Bako aka gina masaukin shaƙatawa a bakin tafkin Bagauda da kuma Tiga. Yau na Bagauda harabar Makarantar Horas da Lauyoyi ce. Wurin shaƙatawa a ƙasarmu yana rayuwa ne gwargwadon yadda mutane ke iya zuwa hankali kwance, kuma ku mazauna Abuja kun fi ni sanin yadda gidajen gona da dama a hanyar Abuja zuwa Kaduna suka koma kufai a shekarun da satar mutane ta yi ƙamari a can. Saboda haka tambayar farko ba farashi ba ce. Za ki iya kwana a wurin da 'ya'yanki? Kada ki tambayi dillali. Ki sa maigidan ya zauna a teburin mai shayi na garin bayan magariba ya saurara, ya kuma lura ko masu hali na garin a gida suke kwana ko sun koma birni.

Sai ruwa. Kudancin Kano a kan dutse yake, akwai wuraren da za a haƙa burtsatse a tashi da ƙura kawai, alhali maƙwabci yana da ruwa. Ku kawo masu gwajin ruwan ƙasa kafin ku biya, ba bayan kun biya ba. Ganin tafkin Tiga daga nesa ba ya nufin akwai ruwa a ƙarƙashin filinku.

Na ƙarshe, nisa. Daga Abuja sau nawa za ku zo a shekara? Gidan gonar da mai shi ke zuwa da salla kaɗai, na mai gadi ne. In akwai ƙani ko ɗan'uwa a Kano da zai riƙa leƙawa duk mako, to. In babu, ku nemi wuri kusa da inda kuke zaune.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na sayi gona a hannun wani magidanci, an rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi. Yanzu ƙanwarsa ta fito ta ce gonar gado ce ba a raba ba. Takardata ba ta isa ba ke nan? (Ɗan kasuwa, Gumel)

Amsa: Alhaji, takardarka shaida ce cewa an yi ciniki, ba shaida ba ce cewa mai sayarwar shi kaɗai ke da gonar. Mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba. In da gaske ba a raba gadon ba, rabonsa kaɗai ya iya sayar maka, kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a: ya biya abin da ka biya ya karɓi rabon. Mafi yawan rigimar gona da na sani daga nan take tasowa, maza su sayar su manta da mata, ko da ɗan'uwan da ke ci-rani a Kudu. Shawarata kada ka yi ja-in-ja da ita. A tara magadan duka, a raba a gaban alƙali, sannan ka sayi nata in ta yarda, ko a yanke mata, mai sayarwa ya maido maka da kuɗin wannan ɓangare.

Bari in yi amfani da wasiƙarka in faɗa wa sauran masu karatu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da muke saya haƙƙin zama da amfani ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar wannan haƙƙi, har zuwa hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya haura sai da yardar gwamna. Sa hannun mai unguwa da dagaci yana da matuƙar amfani, su suka san tarihin kowace gona, amma a ɗora da takardar ƙaramar hukuma, in gonar babba ce ko tana bakin gari a nemi ta jiha. A Kano a leƙa KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye na jihar, a tabbatar filin bai faɗa cikin wani shiri na gwamnati ba.

A kawo mai awo, kada a yarda da “daga wannan kuka zuwa waccan tsamiya”. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi, kuma na sha ganin an yi ciniki da sunan hekta an auna eka. A kira maƙwabtan gonar ta kowace kusurwa su tsaya a kafa siminti a gabansu. A tambaya ko burtali ya ratsa ta, domin wanda ya sayi burtali ya sayi faɗa da makiyaya. A biya ta banki, a kuma yanke la'adar dillali tun kafin a yi sallama.

Tambaya: Baba, ana ta cewa a sayi gona a inda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi zai bi, za a samu diyya mai tsoka. Gaskiya ne? (Matashi, Kazaure)

Amsa: Ɗana, ka makara, kuma ko ba ka makara ba lissafin bai fita. An ƙaddamar da aikin tun Fabrairun 2021, layin ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, an riga an san hanyarsa. Ita kuma dokar 1978, in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar amfanin gona da itatuwa da gini take biya, ba kuɗin da ka sayi ƙasar ba. Inda ƙasa ke tashi shi ne kewayen tasha da hanyar da ke shiga tashar. Gonar da jirgi zai wuce ta gefenta a guje ba abin da ta ƙaru da shi sai ƙara.

Tambaya: An yi mini tayin gona mai faɗi a wani yanki na Zamfara, ƙasa mai kyau, a kuɗin da ko fuloti ba zai saya ba a Gusau. Mutanen garin sun tashi saboda 'yan bindiga. In saya in ajiye har zaman lafiya ya dawo? (Wani bawan Allah, Gusau)

Amsa: Malam, Allah ya dawo mana da zaman lafiya. Ƙasar da ka ambata na san irinta, a da tana cikin masu cika kasuwannin hatsi na Arewa. Amma ba za ka iya zuwa ka auna ba, maƙwabtan da za su nuna iyaka sun watse, magada wasu na gudun hijira, wasu ba a san inda suke ba. Ranar da mutane suka koma, kowa zai nuna gonar ubansa, kai kuma takarda kaɗai gare ka daga hannun mutum ɗaya. In mai gonar sananne ne a gare ka kuma matsuwa ce ta sa shi, taimaka masa da rance ko ka ba shi aron wata gonar a kusa da gari ya noma bana. Cinikin ku bar shi sai ranar da za ku iya taka gonar tare, da dagaci da sauran magada.